Itacen da Ba Ya Kaɗe Ganye ko Gajerun Itatuwan Ado: Zaɓin Mai Gida a Ƙasar Ƙanƙara

A tsakiyar ƙasar Kanada akwai larduna uku, watau Manitoba da Saskacewan da Albata, waɗanda kudancinsu shimfiɗaɗɗen fili ne mai ciyawa, itatuwansa ƙalilan, iska kuwa tana kaɗawa a cikinsa babu abin da ke tare ta. Sanyin wannan yanki sananne ne. A birnin Winifeg, hedkwatar Manitoba, matsakaicin awon zafi a watan Janairu kusan digiri 16 ne ƙasa da sifiri a ma'aunin santigiret, kuma a watan Fabrairun 1966 awon ya sauka har digiri 45 ƙasa da sifiri. Dusar ƙanƙara kan lulluɓe ƙasa tun daga Nuwamba har ƙarshen Maris, wani lokaci ma ta shiga Afrilu. Kwanakin da shuka ke samu ba tare da raɓa ta daskare a kanta ba, ba su wuce kimanin 120 ba a shekara.

Duk wanda ya gina gida a irin wannan wuri, ya kuma yi niyyar dasa wani abu a farfajiyarsa, zaɓi biyu ne manya a gabansa. Na farko shi ne dogayen itatuwa masu ganye siriri kamar allura, waɗanda ba su kaɗewa ko da tsakiyar hunturu, irin su sifrus da fayin da sida. Na biyu shi ne gajerun itatuwan ado, waɗanda ke fito da rassa masu yawa tun daga tushe kamar yadda sabara ko geza ke yi, suna fure a watan Mayu da Yuni, sa'an nan su zubar da ganyensu a Oktoba. Lailak da karagana da furen wardi na cikin waɗannan.

A ido, zaɓin ya yi kama da na sha'awa kawai: wani yana son ganin kore a cikin farin ƙanƙara, wani kuma ƙamshin fure ya fi so. Amma masana tsirrai sun daɗe da nuna cewa abubuwa uku ne ke yanke hukunci, su ne ruwa da iska da rana, kuma kowannensu yana da gefen gidan da ya fi ƙarfi.

Hunturun ƙanƙara wani irin fari ne

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne, ruwan da ya daskare ba shi da amfani ga saiwar itace. A Winifeg ƙasa kan daskare har zurfin da ya kusa mita biyu a wuraren da dusar ƙanƙara ba ta rufe ba, alhali yawancin saiwoyin da ke tsotso wa itace ruwa suna cikin rabin mita na farko. Saboda haka, ko da yake ƙanƙara ta kewaye itacen ta ko'ina, yana zaune ne wata huɗu ko biyar cikin ƙishirwa, tamkar itacen da ke cikin tsananin rani. Iskar hunturun can kuma busasshiya ce ƙwarai, tana tsage leɓe da fatar hannu kamar yadda hunturun ƙasar Hausa ke yi.

Ganye kuwa shi ne ƙofar da ruwa ke fita daga jikin itace. Dabarar gajerun itatuwan ado ita ce dabarar kuka: idan lokacin rashin ruwa ya gabato, sai su janye abincin da ke cikin ganyen zuwa rassa da saiwa, su zubar da shi, su rufe ƙofar baki ɗaya har yanayi ya gyaru. Hasararsu ita ce dole su sake yin sabon ganye kowace shekara, kuma su rasa makonnin farko na ɗumi suna wannan aiki.

Sifrus da 'yan'uwansa wata hanya suka bi. Sun riƙe ganyensu, amma sun ƙanƙance shi ya zama allura, sun shafe shi da kaki mai kauri, kuma 'yan ƙofofin da yake numfashi da su sun nutse a cikin fatarsa. Allurar sifrus kan yi shekaru biyar zuwa bakwai ko fiye a kan reshe kafin ta faɗi, ta fayin kuwa shekaru biyu zuwa huɗu. Ashe ke nan su ma suna zubar da ganye, sai dai kaɗan-kaɗan, ta yadda itacen ba ya taɓa zama tsirara. Bututun da ke ɗaukar ruwa a cikin gangar jikinsu ma sirara ne, ba su kai kaurin gashin kai ba. Wannan yana da muhimmanci, domin idan ruwa ya daskare a cikin bututu yakan saki iskar da ke narke a cikinsa ta zama kumfa, in ya narke kuma kumfar ta toshe hanya. A cikin bututu mai faɗi kumfar babba ce, tana hana ruwa wucewa. A cikin siriri kuwa ƙarama ce, nan da nan take sake narkewa.

Ribar wannan tsari ita ce, da zarar ƙasa ta narke a watan Afrilu, itacen ya fara haɗa abinci daga hasken rana, tun kafin sauran su toho. Amma akwai farashi. Kakin nan yana rage fitar ruwa ne kawai, bai hana ta ɗungum ba. A ƙarshen Fabrairu da Maris, lokacin da rana ta fara ƙarfi, haskenta kuma yana dawowa daga farar ƙanƙara ya bugi ganyen ta ƙasa, allurorin kan yi ɗumi su saki ruwa, saiwa kuwa tana cikin daskararriyar ƙasa ba ta da abin da za ta aiko. Sai allurorin su bushe su yi ja, musamman a gefen kudu da yamma, da kuma gefen da iska ke bugowa. Ana kiran wannan ƙunar hunturu. Mai gida ba ya ganin ɓarnar sai a watan Afrilu ko Mayu, sa'an nan ya ɗora laifin a kan wata cuta. Sida, wanda masana ke kira Thuja occidentalis, shi ya fi kowa shan wannan wahala, kuma abin takaici shi ne itacen da mutanen birni suka fi sha'awar jerawa a matsayin shinge.

A kusa da duwatsun Roki, a lardin Albata, abin ya fi muni saboda wata iska mai ɗumi da ake kira cinuk, wadda kan gangaro daga duwatsu a tsakiyar hunturu ta ɗaga awon zafi da digiri 20 ko fiye cikin 'yan sa'o'i. Bayan wucewarta akan ga wani dogon zane ja ya ratsa dajin fayin a jikin tsauni, inda iskar ta busar da allurori. Wannan ne ya sa masu lambu a birnin Kalgari ke fama da wasu itatuwan da ke rayuwa lafiya a Winifeg, duk da cewa Winifeg ta fi Kalgari sanyi.

Yadda ƙwayar halitta ke tsira daga daskarewa

Ƙishirwa rabin matsalar ce. Sauran rabin shi ne ƙanƙarar da kan taso a cikin jikin itacen kansa. Idan ruwan da ke cikin ƙwayar halitta ya daskare, tsinin ƙanƙarar yana yaga tantaninta, ta mutu nan take. Itatuwa suna da hanya biyu ta kauce wa haka.

Wasu suna hana ruwan cikin ƙwayoyinsu daskarewa ko da ya wuce sifiri. Ruwa mai tsabta, wanda babu wata ƙura da ƙanƙara za ta fara ginuwa a kanta, yana iya zama ruwa har zuwa kimanin digiri 40 ƙasa da sifiri, amma daga nan dole ya daskare. Yawancin itatuwan marmari irin su tuffa wannan hanya suka dogara da ita a cikin katakonsu, shi ya sa digiri 40 ya zama musu katanga, ba su iya zama lafiya a inda sanyi kan wuce haka. Itatuwan dajin arewa mai nisa kuwa suna barin ƙanƙarar ta taru a sararin da ke tsakanin ƙwayoyi, ta riƙa janyo ruwa daga cikinsu har su motse, abin da ya rage a ciki ya yi kauri da sukari ta yadda ba zai daskare ba. Wani masani ɗan ƙasar Japan, Akira Sakai na Jami'ar Hokkaido, ya nuna a 1960 cewa ƙananan rassan wasu itatuwa, idan aka sanyaya su a hankali tukuna, suna iya tsira daga tsomawa cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, su kuma toho daga baya. Farin sifrus, watau Picea glauca, yana cikin masu wannan juriya, haka ma wani gajeren itace mai jajayen rassa da ake kira Cornus sericea. Saboda haka juriyar sanyi ba ta keɓanta ga ɓangare ɗaya ba. Akwai jarumai da ragwaye a cikin dogaye da gajeru duka.

Wannan juriya ba ta dindindin ba ce. Itacen da zai jure digiri 50 a Janairu, digiri 5 ƙasa da sifiri kan iya kashe sabon tohonsa a Yuni. Gajartar yini a ƙarshen Agusta da Satumba ita ce ke fara shaida wa itace cewa ya daina girma ya shiga shiri, sanyin farko kuma ya ƙarasa aikin. Masu bincike a Jami'ar Minesota ta Amurka sun tara irin Cornus sericea daga wurare dabam-dabam a shekarun 1960, suka dasa su wuri ɗaya, sai suka ga waɗanda suka fito daga gaɓar teku mai sauƙin sanyi suna makara wajen wannan shiri, har sanyin farko ya riske su, ko da yake a tsakiyar hunturu juriyarsu ba ta gaza ta sauran ba. Ma'anar wannan ga mai saye ita ce sunan itace kaɗai bai isa ba, sai ya tambayi inda aka samo irinsa.

Akwai kuma wata fa'ida da gajarta ke bayarwa. Dusar ƙanƙara cike take da iska, don haka bargo ce mai kyau: a ƙarƙashin dusa mai zurfin rabin mita, awon bai cika nisa da sifiri ba, ko da iskar sama tana digiri 30 ƙasa da shi. Gajeren itace kan kwana a cikin wannan bargo. Akwai wani mai rawayan fure da ake kira fosaitiya, wanda bayan hunturu mai tsanani akan gan shi ya yi fure a rassan ƙasa kawai, daidai inda dusa ta tsaya, na sama kuwa babu ko ɗaya, sai ka ce an auna da igiya.

Iska, da darasin garin Indian Head

Duk da wannan, akwai aiki ɗaya da gajeren itace mara ganye ba zai iya yi kamar sifrus ba, shi ne tare iskar arewa. Iska tana kwashe ɗumin gida ta bango da taga da kowace kafa, kuma mafi sanyinta a wannan yanki daga arewa da arewa maso yamma take zuwa. Jerin itatuwa masu duhu yana rage ƙarfinta sosai har nisan da ya ninka tsawonsu sau goma, ana ma iya auna tasirinsa har ninki ashirin ko talatin. Watau jerin sifrus mai tsawon mita 10 yana kare fili mai nisan mita 100 a bayansa. Itacen da ya kaɗe ganye kuwa rariya ne kawai, iska tana ratsa shi a daidai lokacin da ake bukatar kariyarsa.

Manoman da suka zauna a wannan fili a ƙarshen ƙarni na 19 sun koyi haka da wahala. A 1901 gwamnatin Kanada ta fara raba wa manoma dashen itatuwa kyauta, kuma gandun renon dashe da ke garin Indian Head a Saskacewan ya zama cibiyar wannan aiki. Kafin a rufe shirin a 2013 an raba dashe fiye da miliyan 600. Farin da ya auku a shekarun 1930, lokacin da iska ta riƙa kwashe ƙasar gonaki tana duhunta sama, ya ƙara wa shirin ƙarfi. A Amurka ma an dasa itatuwa kimanin miliyan 220 tsakanin 1934 da 1942 don wannan manufa. Dalili ɗaya ne da wanda ya sa aka jera darbejiya a matsayin katangar iska a jihohin Kano da Jigawa da Katsina, sai dai abin da iska ke ɗauke da shi a can dusar ƙanƙara ce a madadin rairayi.

Abin lura a nan shi ne tsarin da ma'aikatan gandun suka riƙa koya wa manoma. Ba su ce a zaɓi ɗaya a bar ɗaya ba. A layin waje, wanda iska ke fara bugowa, gajerun itatuwa ake sawa, galibi karagana ko lailak, domin rassansu masu yawa a ƙasa-ƙasa suna kama dusar da iska ke turowa. A tsakiya sai dogayen itatuwa masu saurin girma masu zubar da ganye. Sifrus ko fayin sai a layin ciki, kusa da gida, inda sauran suka kare shi daga bushewa tun yana ƙarami, har ya girma ya karɓi aikin. Akan kuma bar tazarar kimanin mita 30 tsakanin shingen da gine-gine, saboda dusar da aka tare tana taruwa ne a bayansa ta yi tudu, wanda ya dasa kusa da ƙofarsa kuwa zai wuni da shebur a hannu.

Karagana, ko Caragana arborescens, daga Saberiya da arewacin Sin aka kawo ta. 'Yar dangin wake ce, tana da ƙulle-ƙulle a saiwarta masu samar mata da takin naitirojin, tana jure fari da sanyi da mummunar ƙasa. Ba ta da kyan gani sosai, gaskiya, kuma a wasu wurare ta tsallake gonaki ta shiga daji tana danne tsirran asali. Amma da wuya a sami itacen da ya yi wa manoman wannan yanki hidima kamarta.

Lissafin inuwa

Abin da ya dace da gona mai faɗi ba lallai ya dace da gidan birni ba, kuma a nan ne rana ke shigowa cikin lissafi. Winifeg tana kusan digiri 50 arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka rana ba ta taɓa tsayawa a tsakar ka. Kullum ta kudu take ratsawa. A ranar 21 ga Disamba, da tsakar rana, tsayinta daga doron ƙasa bai kai digiri 17 ba, yinin kuma sa'o'i takwas ne da 'yan mintoci. A irin wannan karkata, inuwar kowane abu ta ninka tsawonsa fiye da sau uku. Sifrus mai mita 15 yana shimfiɗa inuwar mita 50 zuwa arewa. A ɗauka fili ne mai faɗin mita 15 da tsawon mita 35: itace ɗaya a kudancinsa ya isa ya hana gidan da ke ciki hasken hunturu, ya taɓa na maƙwabci ma. A 21 ga Yuni kuwa, lokacin da ake son inuwar, rana ta hau digiri 63, inuwar itacen nan ta koma rabin tsawonsa, watakila ba ta ko isa bango ba.

Hasken da ke shiga ta tagogin kudu a hunturu ɗumi ne na kyauta, kuma shi ne ke narkar da ƙanƙarar da ke kan matakala da hanyar shiga gida. Wanda ya dasa itacen da ba ya kaɗe ganye a kudancin gidansa ya toshe wannan, ya kuma ajiye itacen a inda ƙunar hunturu ta fi tsanani. Gefen kudu na gajerun itatuwa ne masu zubar da ganye: suna sanyaya bango a Yuli, a Disamba kuma su buɗe wa rana hanya. Yawancinsu ma sai da hasken sa'o'i shida a yini suke fure yadda ya kamata, don haka gefen arewa mai duhu bai karɓe su ba. Kowane ɓangare ya sami mazauninsa ke nan, dogaye masu allura a arewa da arewa maso yamma, gajeru masu fure a kudu da gabas.

Girma, lokaci, da wuta

Kuskuren da ya fi yawa shi ne na mantawa da girma. Dashen sifrus da ake sayowa bai wuce ƙugun mutum ba, kyakkyawa kamar abin wasan yara, sai a dasa shi taku biyu daga taga. Bayan shekaru 30 ya kai mita 15, rassansa na ƙasa sun bazu mita biyar ko shida, ya rufe tagar, ya hau rufi. Rage shi kuma ba ya yiwuwa, domin sifrus da fayin ba su sake toho daga tsohon reshe. Inda aka sare ya zama gurbi har abada. Gajeren itace kuwa yana yafe kuskure. Lailak da ya tsufa ya yi ƙiraruwa ana iya sare kashi ɗaya cikin uku na tsofaffin rassansa daga tushe kowace shekara, cikin shekaru uku ya koma sabo. Sharaɗi ɗaya ne, a yi saran da zarar ya gama fure, domin a watannin zafi yake ɗaura idon furen baɗi. Ta fuskar lokaci kuma, karagana ko lailak kan zama shinge cikin shekaru biyar ko shida, sifrus kuwa sai ya yi shekaru 15 zuwa 20 kafin ya kare gida daga iska.

Masu binciken Kanada sun yi aiki mai yawa don samar da gajerun itatuwan da suka dace da ƙasarsu. Isabella Preston, wadda aka haifa a Ingila a 1881, ta yi aiki a babbar gonar gwaji ta Otawa daga 1920 zuwa 1946, inda ta haɗa wasu nau'o'in lailak biyu na ƙasar Sin ta samar da wanda ake kira da sunanta, mai jure sanyi, mai kuma jinkirin fure har raɓar ƙanƙarar ƙarshe ta wuce. A tashar bincike ta Morden da ke Manitoba, Henry Marshall ya samar da furannin wardi masu jure hunturun wannan fili, haka ma Felicitas Svejda a Otawa. Ga kuma na asali, irin su saskatun, mai farin fure da 'ya'ya masu zaƙi, wanda daga sunansa a harshen ƙabilar Kiri birnin Saskatun ya samo nasa.

Wuta ma ta shigo cikin lissafin. Itatuwa masu allura cike suke da ƙaro mai kama wuta, rassansu kuma sun sauko har ƙasa, sun zama tsani ga harshenta. Gobarar daji da ta afka wa garin Fort McMurray na Albata a watan Mayun 2016 ta ƙone gine-gine kimanin 2,400, ta kuma tilasta wa mutane fiye da 80,000 barin gidajensu. A 2024 wata ta cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na gine-ginen garin Jasper. Shawarar da hukumomin kashe gobara ke bai wa mazauna bakin daji ita ce kada a bar wani abu mai kama wuta a cikin mita ɗaya da rabi daga bango, kuma a guji sifrus da fayin da sida da junifa a cikin mita 10. Masu faffaɗan ganye, saboda ruwan da ke jikinsu, ba su saurin kamawa.

Ba a ce gajerun ba su da nasu aibin ba. Wani mai ƙaya da ake kira Berberis vulgaris, wanda aka kawo daga Turai don shinge, ashe masauki ne ga cutar tsatsar alkama. Bayan annobar 1916 Amurka ta ƙaddamar da shirin tumɓuke shi a 1918, Kanada ma ta haramta shi. Haɗin ɓangarorin biyu kuma yana bukatar lura, domin akwai wata cutar tsatsa da ke kai-da-kawowa tsakanin junifa da saskatun, don haka ba a son dasa su kusa da juna.

Taswira da hunturun farko

Don sauƙaƙa wa mai saye, Ma'aikatar Gona ta Amurka ta fitar da taswira a 1960 wadda ta raba ƙasa shiyya-shiyya bisa ga matsakaicin mafi tsananin sanyin kowace shekara, aka sabunta ta a 1990 da 2012 da 2023. A sabuntawar 2023 kusan rabin ƙasar ya matsa zuwa rabin shiyya mafi ɗumi. Shiyya ta uku a wannan taswira ita ce inda sanyi kan kai tsakanin digiri 34 da 40 ƙasa da sifiri. Kanada tana da tata tun 1967, wadda ta haɗa abubuwa bakwai, har da zurfin dusa da ƙarfin iska da yawan ruwan sama. Lambobin taswirorin biyu ba ɗaya ba ne, don haka wanda ya ga lamba a jikin dashe sai ya binciki ta wace ƙasa ce. Kuma matsakaici ne taswira ke nunawa. Itacen da ake sa ran zai yi shekaru 60 zai gamu da hunturun da ya wuce matsakaici ko ba daɗe ko ba jima. A nan ma hasarar ba ɗaya ba ce, domin lailak da sanyi ya kashe rassansa yana tasowa daga saiwa, sifrus kuwa in ya mutu shekaru ashirin ne suka tafi.

Kowanne aka zaɓa, hunturun farko da na biyu su ne masu haɗari, domin saiwa ba ta riga ta yi nisa ba, kuma saiwa ba ta da juriyar reshe. Ba a fafe gora ranar tafiya: itacen da ba ya kaɗe ganye ana ba shi ruwa sosai a Satumba da Oktoba har ranar da ƙasa ta daskare, saboda abin da ya sha a lokacin shi ne guzurinsa har Afrilu. Ana shimfiɗa ɓawon itace mai kaurin santimita biyar zuwa goma a kewayen tushe, ba tare da ya taɓa gangar jiki ba, don kada ɓeraye su sami maɓoya su gaigaye ɓawon. Ba a sa takin zamani mai yawan naitirojin bayan tsakiyar Yuli, domin yana fito da sabon toho wanda ba zai ƙosa ba kafin sanyi. Ga ƙaramin sida ko sifrus, ana kafa turaku a gefen kudu da gefen iska a ɗaura buhun algarara a jikinsu ya zama labule, a bar sama a buɗe. Gajerun itatuwa kuma ana kewaye su da ragar waya wadda ta ɗara zurfin dusa, don zomaye kan taka kan dusar su ci rassan da ke sama. Dusar da aka kwashe daga tsakar gida ana iya tula ta a kansu ta zama bargo, amma ban da wadda aka kwaso daga bakin titi, saboda gishirin da ake zubawa a hanya don narkar da ƙanƙara yana ƙona allura da saiwa duka.